Lafiya uwar jiki: an gama aikin nono, barci ya ƙi zuwa



Maganarmu ta wannan wata a kan matan da suka yi ciwon dajin nono take, waɗanda aka yi ma aiki, suka sha magani, Allah ya tashi kafaɗunsu suka komo gida. Dangi sun zo barka, an watse. Kowa na ganin wahala ta ƙare. Amma da yawa cikinsu, in dare ya yi, ido ya bushe. Gari duk ya yi tsit, ita tana juyi bisa tabarma har zakara ya yi cara. Da safe kuwa ga daka, ga rijiya, ga yara.

Kada a ce raki ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2 da dubu 300 aka gano ma wannan ciwo a duniya, kuma rashin barci yana cikin abubuwan da suka fi damun waɗanda suka tsira. A shekarar 2001, a Kebek ta ƙasar Kanada, an tambayi mata 300 da aka yi ma magani. Kashi 51 cikin 100 sun ce barcinsu ya lalace, kashi 19 cikin 100 kuwa abin ya zamar musu ciwo sosai. A ƙasarmu ma, tun da aka fara gashin daji da na'ura a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai a shekarar 2021, an samu wani magani da a da sai a ƙetare. Masu komowa gida suna bukatar a san halin da suke ciki.

Lokotoro ba ya kiran dare ɗaya ko biyu ciwo. Sai in mace tana kasa barci, ko tana farkawa ta kasa komawa, dare 3 ko fiye a sati, har wata 3, kuma abin yana kashe mata jiki da rana.

To mi ke kawo shi?

Babban dalili yana cikin maganin kansa. Mafi yawan dajin nono da wani sinadari na jikin mace yake girma, wanda ake ce ma estrojen. Don haka ake ba waɗannan mata wata ƙwaya, tamokisifen, su sha kullum har shekara 5, wasu har 10, don ta tare ma ciwon hanyar abincinsa. Ƙwayar tana sa mace ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska kamar an buɗe murhu, zufa ta karyo, zane ya jiƙe, ta farka. Minti kaɗan ne ya wuce, amma barci ya riga ya gudu. Ƙarin ruwa mai ƙarfi da ake ce ma shimiyo shi ma yana iya tsayar da al'ada tun lokacinta bai yi ba, ya kawo irin wannan zafi. Ku haɗa wannan da bazarar watan Afrilu a Tawa ko Damagaram, lokacin da zafi ke wuce maki 40, ɗakin kwano kuwa ba ya hucewa sai tsakar dare. Matan da suka riga suka bar al'ada wani lokaci wata ƙwaya daban ake ba su, ita kuma ciwon gaɓoɓi take sawa.

A nan ne hatsarin yake. Mace ta gaji, ta lura tun da ta fara ƙwayar nan ba ta runtsa ba, sai ta aje ta ba ta gaya ma kowa ba. An auna an gani: shan tamokisifen shekara 5 yana rage mutuwa daga wannan ciwo da wajen kashi ɗaya cikin uku ga matan da ta dace da su. Wadda ta bar ta don ta samu barci ta sayar da saniya ta sayi igiya. Ƴar uwa, in ƙwayar ta dame ki, koma ki faɗa. Akwai maganin rage zafin, ana kuma iya canza lokacin shanta. Lokotoron da ya rubuta ta ne zai zaɓa, don wasu magunguna suna rage mata ƙarfi in an haɗa su.

Akwai kuma wurin aikin. Tabon yana tsukewa ko ya riƙa suka, wani lokaci hannun wannan gefe ya kumbura saboda kaluluwar hammata da aka cire. Mai irin wannan ta kwanta a ɗaya gefen, ta ɗora hannun bisa matashi ya ɗan fi ƙirji tudu.

Sai tunani. Shi ne wanda ba a faɗi. Da rana aiki ya rufe shi, da dare ya fito: ko ciwon zai dawo, wa zai riƙe yara, bashin tafiya Yamai da ba a biya ba, akuyar da aka sayar. Ga kuma maigida. Wata tun da aka cire mata nono bai sake shiga ɗakinta ba, ranar girkinta ma sai ya yi ta fira a waje har ta kwanta. Maza, da ku nake. Ciwon nan ba a ɗaukarsa wajen kwana ɗaki ɗaya, ko cin tuwo kwano ɗaya. Ba mayu ba ne, ba kuma kishiya ce ta yi jifa ba. Matar da ta san ba a guje ta ba ta fi saurin runtsawa.

Yanzu abin da ya fi ban mamaki. Sau da yawa zafin jikin ya ragu, tabon ya lafa, amma rashin barcin ya zauna. Dalili kuwa dabarun da mace ke yi don ta rama su ne ke ciyar da shi. Ta kwanta tun bayan magariba wai ko Allah zai sa, ta yi dogon barcin rana, ta kai hantsi a shimfiɗa. Yunwar barci kamar yunwar tuwo ce: wanda ya yini yana ciye-ciye ba ya cin na dare. Shimfiɗar da aka saba juyi a kanta kuma, jiki ya koyi cewa wurin fargaba ce, da an hau ta ido ya buɗe.

Maganin da masana suka sa gaba a yau ba ƙwaya ba ce, sake koya ma jiki barci ne, kuma an gwada shi ga matan da suka yi dajin nono ya yi amfani. Ba ya cin ko dala. A tashi lokaci ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. A wurinmu kiran assalatu ya isa agogo. Kada a kwanta sai barci ya fara fizga da gaske. In an kwanta an daɗe, kamar tsawon dahuwar kunu, ido biyu, a tashi a zauna wani wuri cikin haske kaɗan, a ja tazbi ko a ɓare gyaɗa, sai barci ya dawo a koma. A aje salula. Barcin rana kada ya wuce rabin awa, kuma a yi shi kafin la'asar. Satin farko gajiya za ta ƙaru, gaskiya ce, kuma a nan mutane da yawa ke karaya. A daure sati 4 zuwa 6 kafin a yanke hukunci.

Goro, shayi da Nescafé duk suna da abu guda mai korar barci, kuma bayan awa 5 wajen rabinsa yana nan cikin jini. Goron da aka ci bayan la'asar yana aiki har bayan lisha. A ci da safe. Tafiya a ƙasa da sanyin safiya ko da marece tana taimako. Lokacin zafi a kwana waje cikin gidan sauro, da zanen auduga mara nauyi da moɗar ruwan randa kusa da kai.

Game da ƙwayoyin masu talla bisa tire da tebur a kasuwa, ra'ayina a fili yake: a bar su. Diyazefam tana kayar da mutum daren farko, bayan ɗan lokaci jiki ya saba, a ƙara, a kasa bari, tsohuwa ta tashi fitsari ta faɗi ta karye. Haɗa ta da taramol kuwa yana iya danne numfashi. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci guda, ta je a rage mata sannu sannu.

Wasu alamu ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Ciwon ƙashi ko na baya da ke tada mace tsakar dare kuma yana ƙaruwa, tari ko ƙarancin numfashi da ya ƙi wucewa, sabon ƙullutu a tabon ko hammata ko ɗaya nonon, jini bayan an bar al'ada, ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo, hannu da ya yi ja da zafi tare da masassara. Haka nan wadda ta bar ci da magana, tana kuka, tana cewa gara mutuwa. Duk waɗannan a kai su gidan likita ba da jinkiri ba.

Wadda ta yi karatun yaƙi da jahilci ta samu kaye ta riƙa rubuta lokacin da ta kwanta, sau nawa ta farka, da abin da ya tada ta. Wadda ba ta yi ba, ɗanta ɗan lakwal ya rubuta mata. Ranar komawa wurin lokotoro a tafi da kayen da kati da kwalin ƙwayar gaba ɗaya, kuma a fara da maganar barcin tun kafin ya ɗauki alƙalami, don ba kasafai yake tambaya ba.