Sojojin da muke ba MDD aro: wa ke biyan kuɗin, kuma yaushe?

A watan Oktoban 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya, MDD, ta sanar cewa za ta rage kashi ɗaya cikin huɗu na dakarunta masu kiyaye zaman lafiya. Sojoji da ƴan sanda tsakanin 13,000 da 14,000 ne za su tattara kayansu su koma gida, alhali wuta ba ta mutu a gabashin Kwango ko Sudan ta Kudu ba. Dalili guda ne: asusu ya bushe. Kasafin shekarar da ta soma a Yulin 2025 bai kai dalar Amurka miliyar 5 da rabi ba, kuma an shiga shekarar ana bin ƙasashe mambobi bashin sama da miliyar 2.

Labarin ya shafe mu, don Nijar ta daɗe cikin jerin ƙasashen da ke ba da sojoji. Bataliyarmu ta yi aiki a Côte d'Ivoire ƙarƙashin ONUCI, inda aka kashe sojojinmu 7 a wani kwanton ɓauna kusa da Taï ranar 8 ga Yunin 2012. Wata bataliyar mai sama da mutum 800 ta zauna a Ansongo da Menaka ƙarƙashin MINUSMA, kuma a kan hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu aka kashe mana mutum 9 ranar 3 ga Oktoban 2014. An rufe MINUSMA a ƙarshen 2023 bayan ta rasa sama da mutum 300. Jama'a sun san wannan ɓangaren. Abin da ba a cika tattaunawa a fada ko a rediyo ba shi ne lissafin kuɗin da ke bayansa.

MDD ba ta da sojan kanta ko ɗaya. Aro take yi. Ƙasa ce ke ɗaukar matashi, ta horar da shi, ta ɗinka masa kaki, ta yi masa allurai, ta biya shi albashi, sannan ta miƙa shi. Daga baya MDD ta mayar wa gwamnati wani abu. Tun Yulin 2022 kuɗin da ake mayarwa dalar Amurka 1,448 ne kan kowane soja a wata (dalar Amurka fa, ba dalar kasuwarmu mai sefa biyar ba), wato tsakanin jika 800 da 900 na sefa gwargwadon canjin ranar. Farashi ɗaya ne ga kowa, ɗan Nijar ko ɗan Jamus, kurtu ko kanar. A 1974 dala 500 aka soma biya. Daga 2002 har 2014 farashin ya tsaya cik a kan 1,028, shekara goma sha biyu ke nan, kamar tsadar rayuwa ba ta san hanyar bariki ba.

Yadda aka fita daga wannan tsayuwar ya nuna yadda ake cinikin. An shirya bincike a ƙasashe goma masu ba da dakaru don a gano abin da soja ɗaya ke ci wa ƙasarsa a wata. Sakamakon 2014 ya haura dala 1,700. Ƙasashe masu tasowa suka ce to a biya haka. Masu zuba kuɗi suka ƙi, aka ja, aka daidaita a kan 1,332, da ƙari kaɗan kaɗan har zuwa 1,410 a 2017. Ke nan majalisar ta auna da mudunta, ta ga abin da ya kama, ta biya ƙasa da shi. A 2018 aka kai 1,428. Bayan shekara huɗu aka ƙara dala 20.

Kayan aiki lissafinsu daban ne. Tun 1996 ƙasa ke zuwa da motocinta masu sulke, janareto, tantuna da asibitin tafi-da-gidanka, MDD ta riƙa biyan haya bisa wani kundin farashi da ake bita duk shekara uku. Masu duba suna zagayawa sansani. Idan mota ta lalace ba a gyara ba, hayarta ta tsaya, kuma tun 2013 ana iya zaftare wani kaso daga kuɗin sojojin ma. Wanda ya san abin da yashi da duwatsun Menaka ke yi wa taya da inji ya san wa wannan doka ta fi ci. Ƙasa mai ƙarfi tana da kayan sauyi a ajiye. Ƙasa irin tamu sai ta sayi kayan da kuɗin waje, sau da yawa da bashi, ta jira haya.

Sai jiran. Ana biya ne duk wata uku, idan akwai kuɗi. Kuɗin kuwa daga kason da aka yanka wa kowace ƙasa yake fitowa. Kason Amurka ya ɗan haura kashi 26 cikin ɗari, na Sin ya kusa 24, su biyun rabin kasafi ke nan. Amma majalisar dokokin Amurka tana da doka tun 1994 da ta hana a biya fiye da kashi 25, kuma tun 2017 ake aiki da ita ba sassauci, don haka bashi ke taruwa kowace shekara tun kafin gwamnatin Trump ta biyu ta ƙara janye hannu. Sin tana biya, amma a makare. Idan asusu ya yi ƙasa, ma'aikatan majalisar da ƴan kwangilar mai da abinci ba sa iya jira, don aiki zai tsaya. Wanda ake ce wa ya yi haƙuri shi ne mai soja. Manyan masu ba da dakaru su ne irin su Nepal, Bangladesh, Ruwanda, Indiya, Pakistan da Gana. Idan aka jinkirta musu wata shida ko shekara, baitulmalinsu ne ke ci gaba da biyan albashi da gyaran motoci. A fili, talaka ne ke ba mai kuɗi rance, kuma ba kuɗin ruwa.

Akwai kuma abin da kundin bai da layinsa. Idan soja ya mutu a bakin aiki, diyyar da aka tsayar tun 2018 dala 77,000 ce, wajen sefa miliyan 45, bayan an cike takardu an tabbatar da yadda abin ya faru. An biya, an rufe fayil. Marayu, da fanshon matar mamaci, da jinyar wanda ya dawo ba ƙafa ko ya dawo ba ya iya barci, duk suna kan ƙasarsa har ƙarshen rai. Haka nan bataliyar da ke Ansongo bataliya ce da ba ta Tillaberi ko Diffa a shekarun da Boko Haram ke ƙona Bosso. Wannan giɓin ba shi da rasit.

Gaskiya dai, gwamnatoci ba sadaka suke yi ba. Inda albashin kurtu bai kai kusa da abin da MDD ke mayarwa ba, akwai rara, akwai horo, akwai kayan da haya ke biyan kuɗinsu a hankali. Shi ya sa ake rububin zuwa, kuma shi ya sa ƙasashe masu arziki, waɗanda sojansu ya fi wannan farashi tsada nesa ba kusa ba, suka fi son su biya a je musu.

A nan ne lissafi na biyu yake, na cikin gida, kuma a ganina ya fi na New York haɗari. Abin da MDD ke danƙa wa soja a hannunsa dala 1.28 ce a rana, da ɗan kuɗin hutu. Sauran duka gwamnati ake ba, ita ke yanke nawa za ta ba shi, nawa za ta riƙe. Soja ya ji adadin a bakin abokin aikinsa na wata ƙasa, ya dawo ya ga abin da ya shigo hannunsa, sai zargi ya soma. A Disamban 1999 sojojin Côte d'Ivoire da suka dawo daga aikin MDD a Afirka ta Tsakiya suka fito neman alawus ɗinsu; kafin a ankara Henri Konan Bédié ya faɗi, Janar Robert Guéï ya hau. A 2008 sojojin Najeriya da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a Akure kan wannan magana, aka yanke wa 27 ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta. Mu nan, binciken ma'aikatar tsaro na 2020, da ya yi maganar asarar sefa miliyar 76 a sayen kayan soja, ya isa dalilin da zai sa a riƙa buga irin wannan kuɗi ƙarara cikin kasafi: nawa MDD ta turo, nawa take riƙe da shi, nawa ya kai ga soja da iyalan mamata. Ƙasar da ba ta nuna wa ƴaƴanta littafinta ba, muryarta ba ta nisa idan ta je karɓar bashi.

Yaƙin da muke yi a ƙasarmu kuwa ba mai mayar mana da ko dala. Rundunar G5 Sahel da aka kafa a 2017 ta yi shekaru tana neman a biya ta daga kasafin MDD, Amurka ta hana. Aka koma ga alkawura: yuro miliyan 414 a taron Bruxelles na Fabrairun 2018, da suka riƙa zuwa tsilli-tsilli, galibi a matsayin kaya. Mali ta fice a 2022, Nijar da Burkina Faso suka bi a farkon Disamban 2023. A ƙarshen wannan watan ne kwamitin sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya buɗe ƙofar MDD ta ɗauki har kashi 75 na kuɗin rundunonin Tarayyar Afirka. An buɗe ƙofar bayan masu ƙwanƙwasawa sun tafi. Rundunar haɗin gwiwa ta AES daga aljihun ƙasashe ukun take ci, kuma a Nijar wani ɓangaren yana fitowa daga asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023, wanda ake cire masa kuɗi daga kiran waya da tikitin mota. Mai biyan a yanzu shi ne mai karanta wannan shafi, don haka yana da ikon tambaya fiye da da.

Ana bitar farashin sojan MDD duk shekara huɗu. Bayan 2014, 2018 da 2022, ta gaba ta faɗo a 2026, a daidai lokacin da babban mai biya ke rage hannu kuma ana maido da dakaru gida don rashin kuɗin mai.