Koken Matan Nangere Masu Murmurewa Daga Sankarar Mama

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Yobe, Damaturu,
Ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukumar Nangere, Sabon Garin Nangere.
Kwafi ga Fadar Mai Martaba Mai Tikau.



Ranka ya daɗe, mu mata ne daga Dazigau, Degubi, Chilariye, Dawasa, Kukuri da cikin Sabon Gari, waɗanda Allah ya jarraba da sankarar mama. An yi mana aiki, an ɗura mana ruwan kemo, wasunmu har an gasa su da na'ura. Ɗaya daga cikinmu ce ta riƙe biro, sauran suna faɗa. Kuɗin aikin ba shi ya kawo mu ba, wannan mun sayar da tumaki da gonar gado mun biya. Kukanmu a kan abin da ke biyo bayan sallama ne, ranar da 'yan barka suka watse, aka bar mace da jikin da ba ta gane shi ba.

Mu fara da hannu, don shi ya fi cin mana tuwo a ƙwarya. Idan likita zai cire mama, sau da yawa yakan haɗa da kaluluwar hammata, domin ta nan cutar ke fara yaɗuwa. To, ashe kaluluwar nan ita ce magudanar ruwan hannu. Da ta tafi sai ruwa ya rasa hanya, hannun wasu ya kama kumburi, wata bayan 'yan watanni, wata sai ta shekara biyu tana murna kafin ya same ta. Ya yi nauyi kamar taɓarya, hannun riga ya ƙi shiga, awarwaro sai an yanke. Likitoci sun ce ba ya barin mutum gaba ɗaya, amma ana lallaɓa shi da tausa ta musamman, da motsa gaɓoɓi, da wata safa mai matse hannu. Safar nan yawancinmu a waya kawai muka taɓa ganin hotonta.

Mace a ƙasar Tikau kuwa da hannunta take ci. Surfe, daka, jan guga, faskare, roron wake, goyon jika. Wadda hannunta ya kumbura ta zama 'yar kallo a gidanta. Wata 'yar'uwarmu da abin ya ishe ta ta kira wanzami ya kafa mata ƙaho don a zuƙe ruwan, tsagar ta ɗauki ƙwayar cuta, hannun ya yi jawur, ta kwana goma ba ta san inda kanta yake ba. Ba mu ga laifinta ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ko ƙaya ce ta soki wannan hannun kada ta yi wasa da ita. An gargaɗi wasunmu da a guji allura da awon jini a ɓangaren da aka yi aikin, amma a wani ɗakin shan magani da muka faɗi haka, dariya ma'aikacin ya yi, ya ce iyayi ne.

Sai ƙwayar tamoxifen, wadda ake ɗora wasunmu a kanta kullum har shekara 5, wasu 10, don kada cutar ta dawo. Tana sa zafi ya taso wa mace daga ƙirji zuwa ka ko a tsakiyar hunturu, gumi ya jiƙa zane da dare. A watan Afrilu kuwa, bar ta kawai. Idan ta kawo zubar jini an ce a gaggauta ganin likita, sai dai wane likitan, a ina? Ga shi ba kullum ake samunta kusa ba. Wata ta sha wata uku, ta huta wata biyu, ta ci gaba idan an sayar da gyaɗa. Mun san ba haka ake shan ta ba.

Zubewar gashi da baƙin farce mun yafe, ɗankwali da lalle sun rufa asiri. Amma dindiris ɗin tafin ƙafa da yatsu da kemo ke bari, har takalmi ya fita mace ba ta ji ba, da zazzaɓin da ke zuwa tsakanin allura da allura, waɗannan suna buƙatar ido. Kemo na karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, don haka zazzaɓi a lokacin na iya zama na gaggawa. A ƙauye duk zazzaɓi na cizon sauro ne, sai a bai wa mace ƙwaya a kyamis a ce ta je ta kwanta.

Ranka ya daɗe, ga kuma hanya. Ana so mu koma a duba mu duk wata uku zuwa shida. Mai sa'a Damaturu za ta, kusan kilomita 100 daga Potiskum. Wasu Gombe ta Fika da Bajoga, wasu Maiduguri, wasu har asibitin Shika. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma mace ba ta tafiya ita kaɗai. Da ambaliyar madatsar Alau ta ci Maiduguri a Satumban 2024, ta shiga har asibitin koyarwa, a jikinmu muka gane abin da nisa ke nufi. Mun kuma ji cewa tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitin koyarwa na Gombe na cikin shida na farko. A kan bencin jira muka tsinci labarin, daga bakin wata majinyaciya.

Akwai wanda kunya ke hana faɗa, amma za mu daure. Tsumma muke cusawa a rigar mama. Akwai wadda miji ya ƙaurace wa ɗakinta, akwai wadda aka ce ta je gida ta huta, har yau tana hutawa. Kuma sauran mata suna kallo. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna mata sama da 32,000 sun kamu a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 sun rasu. Mu mun san ɗaya daga cikin dalilan. Mai ƙululu a mama takan dubi hannunmu da aurenmu, sai ta ja mayafi ta rufe nata, ta nufi mai magani a kasuwa, ba za ta je asibiti ba sai ya fashe.

Ba ƙarar kowa muka kawo ba, kuma mun ga cibiyoyin lafiya da ake ginawa a mazaɓu. Roƙonmu a keɓe rana ɗaya a wata a asibitin ƙwararru na Potiskum, likitan sankara ya zo ya duba mu tare da mai gashin ƙashi, ya koya mana tausar hannu, mu ma mu koya wa na baya. A horar da ko da ma'aikaciya ɗaya a kowace cibiyar mazaɓa ta san kumburin nan da zazzaɓin nan idan ta gan su. A sa tamoxifen da safar hannu da maganin raɗaɗi cikin abin da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ke ɗauke wa marasa ƙarfi, a kuma ba mu jami'i guda da zai cika mana takardun asusun tarayya. Ga Mai Martaba kuma, muna roƙon a sa limamai su yi wa mazaje magana ranar Juma'a, don cutar nan ba a ɗaukarta a shimfiɗa ko a kwanon tuwo.

Idan ana son ganin hannayen da muke magana a kai, a sa mana rana, za mu hallara a sakatariyar ƙaramar hukuma. Waɗanda ba su iya sa hannu ba sun dangwala yatsa a ƙasa.



Mu ne naku,
Matan Nangere da suka yi jinyar sankarar mama.