Wasiƙa ga masu gyaran kwamfuta: kafin ku ɗiga gam a gindin hinji

Zuwa ga 'yan'uwana masu gyaran kwamfuta, na Titin Beirut da Farm Centre a Kano, da na Banex a Abuja, da namu da ke neman halak a Computer Village ta Ikeja, har da yaran shago da ke koyon aiki a hannunku.

Abin da ya sa na rubuto ƙarami ne a ido: hinjin kwamfutar nan mai lanƙwasuwa, wadda ake juya murfinta har ya kwanta a bayanta, a riƙa taɓa gilashin da yatsa. Tun da Lenovo ta fito da Yoga 13 a 2012, HP ta biyo baya da su Pavilion da Envy, sannan Spectre x360 a 2015, Dell ma ta bi sahu da Inspiron, irin wannan kwamfuta ta bazu. Yau 'yan hannunta ne ke sauka a shagunanku, bayan sun sha buɗewa da rufewa shekara da shekaru a wata ƙasa. Ɗalibai na sonta, 'yan ofis na sonta, kuma kukansu ɗaya ne idan sun dawo da ita: "Oga, murfin yana rawa," ko "gefen nan ya buɗe baki."

Abin da na fi gani ana yi shi ne a ɗaga bakin robar da farce, a tsiyaya supa gulu, a barbaɗa hoda, a matse da hannu minti biyu, a ce an gama. Kwastoma ya biya ya tafi yana godiya. Ba a daɗewa sai ga shi ya dawo, wannan karon gilashin ya tsage daga kusurwa, kuma aikin da ƙaramin kuɗi zai gyara ya koma na sayen sikirin sukutum.

Ku yi haƙuri in faɗa muku abin da da yawanku suka sani amma gaggawa ke hana su bi. Mafi yawan hinjin da ake kawowa a ce ya saki, bai saki ba. Cijewa ya yi. A cikinsa akwai sanda da aka jera wa ƙananan washa masu matsewa, an shafa musu giris, su ne ke riƙe murfin a inda aka tsayar da shi. Da shekaru suka ja, giris ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da abin da ya rage, sai ya yi tauri. Shi kuwa hinjin ƙarfe ne, amma abin da aka ɗaure shi a jiki sau da yawa roba ce, wadda aka dasa wa ƙananan mazaunin sukuru na tagulla. Duk buɗewa ɗaya, ƙarfin da ya kamata ya juya sandar sai ya koma kan robar. Kamar ƙyauren ƙarfe ne da aka kafa a bangon ƙasa: idan ya cije, ba shi ke karyewa ba, bangon ne ke zubewa. Wata rana sai a ji ƙas, tagullar ta fito da guntun roba maƙale a jikinta, murfi ya fara rawa. Wanda ya liƙe robar ya bar hinjin da taurinsa bai taɓa ciwon ba.

A mai lanƙwasuwa abin ya fi muni. Gilashin taɓawa ya fi sikirin na gama-gari nauyi, kuma dole murfin ya jure dungurin yatsa ba tare da ya faɗi baya ba, don haka tun daga kamfani an matse hinjin da kyau. Sannan sanda biyu gare shi, ɗaya a gefen madannai, ɗaya a gefen sikirin, an haɗa su ta yadda za su juya tare ko ɗaya bayan ɗaya har zagaye ya cika. Idan ɗaya ta cije, ɗayar ce ke ɗaukar wahala. Akwai ma irin na Yoga 3 Pro ta 2014, mai kama da sarƙar agogon hannu, wanda aka harhaɗa da gutsattsarin ƙarfe da alminiyom 813. Wannan ba abin kwancewa a kan teburin shago ba ne. In ya lalace, a nemi wani a sauya.

To, ga abin da nake roƙonku. Kafin komai, a cire batir daga fanel. Kashe kwamfuta bai isa ba. Wayar sikirin ta cikin hinji take bi, kuma ita ke ɗauke da wutar da ke haska shi. Idan aka zare ta ko aka mayar a karkace alhali batir na haɗe, fis ɗin hasken na iya ƙonewa, sai ka kunna ka ga hoto dishi-dishi ba haske. Nan ne ake fara rantsuwa da kwastoma a kan ko da ma haka aka kawo ta. Tunda kun buɗe, ku dubi batirin da kyau. In ya kumbura, shi ma yana tura kesin ya buɗe baki, a ɗora wa hinji laifin da ba nasa ba.

Daga nan sai a duba sukurorin. Wani lokaci sun sassauta ne kawai, a ɗaure, shi ke nan, a karɓi ɗan abin da ya dace. In za ku sa musu ruwan riƙe sukuru irin na Loctite, shuɗin za ku sa, ba jan ba, don ja sai da zafi yake kwancewa. Ɗigo kaɗan a kan zaren sukurun, kuma kar ya taɓa roba, domin yana sa wasu robobin tsagewa.

Idan kuwa tagulla ta fita, ku kwance hinjin gaba ɗaya ku gwada shi a hannu. Lafiyayye yana motsawa da yatsu idan an sa ƙarfi. Wanda sai an kama shi da filaya biyu yake juyawa, shi ne mai laifin. Da yawa suna da ɗan noti a ƙarshen sandar, wani lokaci a ƙarƙashin murfin hinjin. A sassauta shi kwatan zagaye, a gwada, in bai isa ba a ƙara kaɗan. Sanda biyun duka, hagu da dama duka, daidai wa daida; in gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri, murfin zai riƙa murɗewa, gilashi kuwa ba ya son murɗa. A wanke tsohon giris da sifirit, a sa sabo ɗan kaɗan. Fetur da tina ku bar su nesa da roba. Fesa WD-40 daga waje kuma yaudarar kai ce: yana sassautawa yau, ya bushe gobe, ragowar ta gangara bayan sikirin ta yi tabo. Kar kuma a zarce wajen sassautawa. Ma'aunin shi ne murfi ya tsaya inda aka bar shi, ya jure taɓawar yatsa, amma ya buɗu ba tare da an yi kokawa ba. Wanda ba shi da noti, an danne shi ne daga kamfani, in wanki da giris ba su yi masa ba sai sauyi.

Sai a zo kan gina mazaunin. Nan ne haƙuri ke ƙarewa mutane. Supa gulu yana ƙanƙarewa kamar gilashi, ba ya jure girgiza, tururinsa na barin farin tabo, kuma in ya kwarara cikin hinji ya ƙara masa cijewa. Abin da ya dace shi ne gam mai haɗi biyu, irin su Araldite ko J-B Weld, kuma mai jinkirin bushewa ya fi na minti biyar ƙarfi. A kwashe burbushin robar, a kankare wurin ya yi kaushi, a goge da sifirit. A ɗaura tagullar a jikin hinjin da sukurunta, bayan an shafa wa zaren ɗan man basilin don kada gam ya kama shi, sannan a zaunar da hinjin a gurbinsa. Ta haka shi da kansa zai nuna wa tagullar inda za ta tsaya, ba sai an yi kirdado ba. A cika gam a kewaye, kar ya wuce tsayin asali, in ba haka ba kesin ba zai rufu ba. Daga nan a ajiye ta awa 24. Na san kwastoma zai ce gobe yana da jarrabawa. Ku ce masa ya jona ta da talabijin ko wani sikirin in ya matsu, ko ya jira. Gam ɗin da aka buɗe wa murfi bayan awa biyu bai gama kama jikinsa ba.

In robar ta ragargaje har babu abin da gam zai kama, ku faɗi gaskiya. Ko a sayi sabon kesin, ko a huda murfin a zura sukuru mai noti da washa ya fito ta waje. Hudawar tana da ƙarfi ƙwarai, amma tana da muni, don haka ba a yin ta sai mai kaya ya gani ya yarda. Wata ba za ta damu ba, wani kuwa sayar da ita yake shirin yi.

Idan aikin ya kai ga ɗaga gilashin, ku tuna a yawancin waɗannan kwamfutoci an manne shi ne da murfi, wasu da wani tef da ake jan kansa a hankali ya zare. Ba a ɓamɓare shi da sukudireba. Kafin ku taɓa wayoyi, ku ɗauki hoton yadda suka bi ta hinji: ta sikirin, ta kyamara, da siraran nan na eriyar Wi-Fi. Wayar da aka mayar ba bisa hanyarta ba, hinji zai riƙa gugarta har ta tsinke. Sukurori ma ba tsayinsu ɗaya ba. M2 ne da M2.5 akasari, amma bambancin milimita ɗaya ya isa ya fito da ƙurji a bayan murfi ko ya taɓa gilashi. Lenovo da HP da Dell duk suna sa littafin kwance-kwancen yawancin samfuransu a intanet kyauta, da girman kowane sukuru da inda yake shiga. Ba faɗuwar girma ba ce ƙwararre ya buɗe shi. Ku ma sa yaranku su saba da dubawa.

Akwai kuma masu zuwa su ce su da kansu za su gyara, shawara kawai suke nema. Kar ku ɓoye musu. Ɗaure sukurun da ya sassauta abu ne da mai natsuwa zai iya a gida, muddin ya cire batir kuma yana da sukudireban da ya dace, don wasu samfuran kan sukurunsu mai tauraro ne. Amma ku gaya masa inda zai tsaya: in ya ga guntun roba na faɗowa, ko gilashi ya fara ɗagowa daga kusurwa, ya daina buɗe ta, kada kuma ya danne ta da ƙarfi don ta rufu. Ya kawo ta yadda take. Idan kun gama aiki, ku nuna wa kwastoma ya riƙa buɗewa daga tsakiya, hannu ɗaya a kan gindin, kuma ya daina ɗaukarta ta murfi.

Ku gaida mutanen shago. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a sana'a