Dorinar Dadin Kowa Da Giwar Yankari: Jarin Da Gombe Ta Bari A Kwance

HAMMADU KAFI, GOMBE (Sharhi)

Daga unguwar Hammadu Kafi, inda ake rubuta wannan sharhi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba za ta kai mutum bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda ke da nisan kimanin kilomita 37 gabas da birnin Gombe. In kuwa ya fuskanci yamma ya bi hanyar Bauchi, ya ratse a Dindima, zai isa ƙofar Gandun Dajin Yankari da ke Mainamaji kafin rana ta yi tsaka. Duk da haka da wuya ka sami ɗan kasuwa a wannan birni wanda ya ɗauki waɗannan wurare biyu a matsayin haja.

Domin mu gane abin da muke asara, ya kamata mu dubi yadda ƙasashe masu gaɓar teku ke tafiyar da wannan sana'a. A Gambiya harkar ta soma ne a 1965, sa'ad da wasu 'yan ƙasar Suwidin suka zo shan rana a bakin teku. Ba da jimawa ba, a 1968, aka keɓe dajin Abuko, wanda faɗinsa bai wuce hekta ɗari da 'yan kai ba, ya zama wurin da ake kai baƙin otal-otal su ga birai da kadoji da tsuntsaye. Haka abin yake a Kenya, inda mai hutawa a gaɓar Diyani, kudu da Mombasa, ake ɗaukarsa da asuba zuwa tsaunukan Shimba ya ga giwaye, a dawo da shi masaukinsa da yamma.

Darasin tattalin arzikin da ke cikin wannan shi ne, daji ne ke ƙara wa baƙo kwanaki, amma masauki ne ke karɓar kuɗinsa. Abin da baƙo ke biya a ƙofar gandu ƙalilan ne in aka gwada shi da abin da yake kashewa a kan ɗaki da abinci da mota da tsaraba. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. To, gwanintar ɗan kasuwa ita ce ya sa raɓar nan ta kwana a gonarsa, domin kowane dare guda da aka ƙara, mai otal da direba da mai nama da mai wanki duk sun samu.

Gombe ba ta da teku, amma tana da tafki. Gwamnatin Tarayya ta kammala madatsar Dadin Kowa a kan Kogin Gwangola a 1984, tana kuma ɗauke da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40, sannan ruwan nata cike yake da kifi da tsuntsaye da dorinai. Kusa da birni akwai dajin Kanawa, a kudu kuma ga tsaunukan Tula da na Kaltungo. Shi kuwa Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, watau ya ninka Abuko fiye da sau dubu biyu. A cikinsa ne maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ɗuminta ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina.

Wani zai ce ai Yankari na Bauchi ne. Gaskiya ne, tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, gandun ya faɗa ɓangaren Bauchi, kuma a 2006 Gwamnatin Tarayya ta mayar wa jihar da ikon gudanar da shi, bayan ya yi shekara 15 a matsayin gandun ƙasa. Amma baƙo ba ruwansa da iyakar jiha. Abin da ya dame shi shi ne inda jirginsa zai sauka, da inda zai sami gado mai tsabta da wuta da ruwa. Filin jirgin sama na Lawanti kuwa a kan hanyar Bauchi yake, watau a kan hanyar Yankari.

Saboda haka abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan wurare su zama tafiya guda mai farashi guda: a tarbi baƙo a Lawanti, ya kwana Gombe, ya wuni a kan ruwan Dadin Kowa, ya je Yankari ya yi wanka a Wikki, ya dawo ya ɗinka tsarabarsa a kasuwa. Kada kuma a tsaya jiran Turawa. Kasuwar farko ita ce iyalai daga Kano da Abuja da Maiduguri, da ɗaliban makarantu, da ma'aikatan da ke zuwa taro a Gombe su tashi ba su ga komi ba sai zauren otal. Lokacin ciniki shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin Kogin Gaji.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko shi ne tsaro da hanya, domin labarin hari guda ɗaya a ƙauyukan da ke kewaye da gandu ya isa ya soke cinikin shekara. Wannan aikin gwamnatocin jihohin biyu ne, kuma wajibi ne su yi shi tare.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne rabon talakan da ke zaune da dabbar. A yau manomin shinkafa da masunci na Yamaltu-Deba ba su san dorina da komi ba sai ɓarnar gona da kifar da kwale-kwale, har da asarar rayuka. Manomin Alkaleri ma haka yake kallon giwa. Muddin dabba ba ta kawo masa ko kwabo ba, ba shi da dalilin kare ta, ranar da ta ƙare kuwa jarin mai otal ya bi ruwa. Yarjejeniyar da Bauchi ta ƙulla da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014 ta nuna cewa sintiri na rage farauta, amma sintiri ba ya biyan diyyar gona. Dole ne a ware wani kaso sananne daga kuɗin kowane baƙo domin diyya, a kuma ɗauki masunta su zama matuƙa da 'yan jagora, tun da babu wanda ya fi su sanin inda dorina ke kwana.

Muna kira ga masu otal-otal da masu motocin haya na Gombe da su zauna su fitar da wannan tsari kafin rani mai zuwa, ko da da mota biyu da kwale-kwale ɗaya mai rigunan ceto za a soma. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma wanda ya riga saka jarinsa shi zai yanka wa na baya farashi.