Malami ya tashi, horon ya bi shi

Kusan kowace shekara sai an tara malaman jami'o'inmu a zauren wani otal, kwana uku ko biyar, a ce horo ake ba su: yadda ake tsara darasi a tsarin LMD, yadda ake bin ɗalibin master har ya gama kundinsa, yadda ake neman kuɗin bincike, yadda ake koyarwa ta intanet. A rataya ƙyalle mai tambarin masu ba da tallafi, a sha kafe, a ɗauki hoto a bakin ƙofa, a sa hannu a amshi pardiyam. To ku koma bayan shekara biyu ku tambaya: ina abin da aka koyar? Su wa suka zo? Mi ya yi amfani, mi ya ƙi? Amsar guda ce: "Ai wanda ke riƙe da dosiyen ya tashi."

Tashin ba laifi ba ne. Wani an naɗa shi darakta a wata ma'aikata, wani ƙungiyar agaji ta ɗauke shi da albashin da ya fi na jami'a, wani ya tahi ƙaro karatu, wani ya yi ritaya, wani Allah ya yi masa rasuwa. Haka aiki yake ko'ina. Laifin shi ne a bar shirin horon sashe guda a cikin kan mutum ɗaya da ordinatar ɗinsa, ranar da ya ɗauki jakarsa komai ya bi shi.

Ku duba inda muka fito. Kafin 2010 jami'ar gwamnati ɗaya tak gare mu, Abdou Moumouni ta Yamai. A 2010 aka kafa ta Maraɗi, ta Tawa da ta Damagaram, a 2014 aka ƙaro Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Daga ɗaya zuwa takwas. Wa zai cika azuzuwan nan? Samari da ƴan mata da suka gama dakta jiya-jiya, da malaman wucin gadi masu zuwa su zuba darasin wata uku cikin sati biyu su koma. Dakta tana shaida cewa mutum ya iya bincike, ba ta koya masa tsayuwa gaban ɗalibi ɗari biyar a zauren da makirufo ya mutu. Hukumar CAMES kuma, wadda ke ƙara wa malamai girma daga mataki zuwa mataki, abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne maƙalolin binciken da mutum ya buga. Ke nan wurin da sabon malami zai koyi koyarwa bai wuce wannan ɗan horon na cikin gida ba. In shi ma yana komawa sifiri duk lokacin da aka canza shugaban sashe, wa ke biyan kuɗin? Ku ne. Kai da kundinka ya kwana wata takwas a teburin malamin da ba a taɓa nuna masa yadda ake bin ɗalibi ba, ke da aka yi miki jarrabawa kan abin da ba ya cikin manhaja.

Sannan tun 2019, bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyar malamai ta SNECS, doka ta mai da naɗin shugabannin jami'a hannun gwamnati. Ko kana tare da dokar ko kana adawa da ita, abu ɗaya ba ya da gardama: zaman majalisar ministoci guda ya isa ya canza shugaba, shi kuma sabon ya zo da mutanensa. Gidan da masu riƙe da shi ke canzawa haka, takarda ce kaɗai ke iya riƙe masa tarihinsa.

Za su ce muku ai ana rubuta rahoto. Gaskiya ne, amma wa ake rubuta wa? Mai ba da kuɗi. Rasit na otal, jerin sa hannu, hotuna uku, da jimlar nan da ba ta canzawa, wai mahalarta sun nuna gamsuwa. Wannan takardar wanke kai ce. Wanda ya gaji kujerar ba zai samu a ciki ko darasi ɗaya da zai iya maimaitawa ba, balle a faɗa masa cewa rana ta biyu ta lalace don babu wuta, ko cewa malaman kimiyya sun ce misalan ba su dace da fanninsu ba.

Za su ce kuma mu mutanen baka ne, ba mu saba da rubutu ba. Haba! A Yamai cibiyar IRSH take, da dubban littattafan Larabci da ajami da kakanninmu suka rubuta da alƙalamin kara. A Yamai CELHTO take, wadda aikinta shi ne ɗaukar maganar baka a adana ta. Abdou Moumouni da aka sa wa jami'a sunansa ya zauna ya rubuta littafi guda kan ilimi a Afirka tun 1964, har yau ana karanta shi. Masu digiri uku ne za su ce ba su iya cika shafi goma ba?

Mu faɗi abin da ba a son faɗi. Rashin rubutawa yana da masu cin ribarsa. In kai kaɗai ka san yadda shirin ke tahiya da lambar mutumin da ke sakin kuɗi, ba a iya yi ba tare da kai ba. In kuma horon bara ya ɓace, sai a sake neman kuɗin irinsa bana, a sake komawa otal, a sake sa hannu. Ba duka malamai ba, wallahi akwai masu yi don Allah, suna koya wa ƙannensu a ofis ba ko dala. Amma su ma tsarin ya ci amanarsu, tunda wahalarsu tana ƙarewa ranar da suka bar wurin.

Abin da muke nema ba ya buƙatar tallafin kowace ƙasa. Duk horon da aka yi da sunan jami'a ya bar dosiye: dalilin yin sa, jadawali, darussan da kansu, sunayen masu koyarwa da mahalarta, kuɗin da ya ci, da abin da ya ƙi tahiya, a rubuta shi ba kunya. Kwafi ɗaya na takarda a ɗakin karatu, ɗaya a adireshin intanet na jami'a, ba a Gmail na wani ko rukunin WhatsApp da zai mutu da wayar mai shi ba. Kowane shiri mutum biyu su riƙe shi, ɗaya daga cikin ƙananan malamai. Ranar miƙa aiki, yadda ake ƙirga kujeru da makullin mota, a ƙirga dosiyen nan, in babu kada a sa hannu. Kuma kashi na ƙarshe na kuɗin mai shirya horo ya jira sai ma'aikacin ɗakin karatu ya buga hatimin cewa ya amsa.

Ƴan uwa na USN, mun san bursu da abinci da motar ɗalibai ne ke cika takardar kokenku, kuma da gaskiyarku. Ku ƙara wannan layi ɗaya. Wakilanku da ke zama a majalisar tsangaya su nemi a kawo musu dosiyen horon malamai na shekaru uku da suka wuce, a ajiye shi kan tebur a zama na gaba, kuma a rubuta buƙatar cikin takardar bayanin zaman.