Haba Iyaye! Faɗuwa JAMB Ba Ita Ce Ƙarshen Yaro Ba

'Yan uwana mazauna kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabon Ibadan da Shagamu, har zuwa Anaca da Inugu. Yau da iyaye nake, kuma ni ma uba ne, don haka ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wata ɗabi'a tamu tana ci min tuwo a ƙwarya. Da zarar sakamakon JAMB ya fito, yaro bai samu maki mai yawa ba, sai a tsayar da shi gaban ƙannensa: "Daƙiƙi kawai! Ka cinye min kuɗi! Dubi ɗan maƙwabcinmu Bayarabe!" Kashegari a ce ya bi Baba shago, in mace ce a fara zancen aure. Shi ke nan an rufe littafi.

To ku tuna abin da ya faru a 2025. Cikin ɗalibai kusan miliyan 2 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan kwanaki, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohi 5 na Kudu maso Gabas, wato inda 'ya'yanmu da yawa suke zaune. Aka sake musu jarrabawa. Kafin nan jaridu sun ruwaito wata yarinya 'yar shekara 19 a Ikorodu ta kashe kanta saboda baƙin cikin makinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Farfesa guda ya ba yara haƙuri a bainar jama'a. Ina tambaya, a cikin waɗanda suka zagi 'ya'yansu a wancan makon, uba nawa ne ya koma ya ce, "Ɗana, yi haƙuri"?

Ko da na'ura ba ta yi laifi ba, mu duba namu. Yaron nan Hausa yake yi a gida, Yarbanci ko Inyamuranci a layi, jarrabawa kuma da Turanci, a kan kwamfuta tun 2015. Wane ne a cikinmu ya kai shi ya koyi taɓa ta? Wanda ya wuni yana auna tumatir ko jiran shago, ya dawo babu wuta, yaushe ya yi bita? Ba a fafe gora ranar tafiya, jama'a.

Abin yi ba wuya. Ranar da sakamako ya fito, ka riƙe bakinka, ka bar shi ya ci abinci ya yi barci. Uwa ta sa masa ido, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. In hankali ya kwanta ku zauna ku duba darasin da ya ba shi wahala. JAMB duk shekara ake yinta. Wanda ya rasa Turanci ko Lissafi a WAEC, akwai NECO, akwai GCE. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na kwalejin kimiyya da fasaha da ta ilimi 100.

Kasuwa ba abin kunya ba ce, ita ta kawo kakanninmu nan. Amma yaro ya shige ta da zaɓinsa, kada ta zama horo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su sa'a. Wassalam.