Wanda ya ƙaura jiha a Amurka, ya ƙaura har da lambar motarsa

A nan Gana, direba zai ɗauki motarsa mai lambar Akara ya koma Kumasi ko Tamale da zama, ya shekara goma, ba wanda zai ce masa uffan a kan lambar. Lasisin da hukumar DVLA ta ba shi ɗaya ne daga Aflao har Paga. Da wannan sabon ne 'yan uwanmu da yawa suke shiga Amurka, kuma shi ne yake jefa wasunsu cikin wahalar da ba gaira ba dalili. A can babu lasisin tuƙi na ƙasa baki ɗaya. Jihohi 50 ne, kowace da nata lasisin, da nata lambar mota, da nata dokar inshora. Ranar da ka kwashe kayanka daga wata jiha ka zauna a wata, agogo ya fara ƙirga maka kwanaki.

Na ga ya kamata a yi wannan magana a fili ne saboda yanzu ƙaura ta yi yawa. Kusan kowane gida a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Aboabo yana da wani a Bronx. Tsadar haya a Niyok ta sa iyalai suna tashi zuwa Kolombus a jihar Ohayo, wasu Atlanta a Jojiya, wasu Teksas. Ana tunawa da makarantar yara, ana tambayar masallacin da ya fi kusa, ana neman shagon da ake sayar da naman halal. Takardun mota kuwa sai a ce "sai an natsu". Ra'ayina shi ne wannan aiki ya cancanci ya shiga sahun farko, kuma dabarar nan ta riƙe lambar wata jiha don a rage kuɗin inshora ya kamata mu daina yaba wa masu yin ta.

Wa'adin ba shi da tsawo. Niyok ta ba sabon mazauni kwana 30 ya sauya lasisi ya yi wa mota rajista. Ohayo ma kwana 30, Jojiya haka. Teksas ta ba da kwana 90 a kan lasisi, amma 30 a kan mota. Kalifoniya ta fi kowa matsi: kwana 10 lasisi, 20 mota. Wanda ya yi cikin lokaci, galibi ba sai ya sake jarrabawar tuƙi a kan titi ba. Zai kai tsohon lasisin, da shaidar ko shi wane ne, da shaidar adireshi, a gwada masa ido, ya biya kuɗi, shi ke nan. Wanda ya bari tsohon ya mutu ya daɗe, yana iya komawa farko kamar ɗan koyo. Mata masu hijabi kuma kada su ji tsoron hoton, ana barin rufin kai na addini muddin fuska a buɗe take.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen jera ayyukan. Mutum ya isa Kolombus, ya ga inshorar Niyok tana cin aljihunsa, sai ya ɗauki waya ya soke ta nan take, lambar Niyok kuwa tana nan manne a jikin mota ko tana cikin but. To, a dokar Niyok sai ka mayar da lambar tukuna kafin ka soke inshora. In ka yi akasin haka, za a lissafa ka a matsayin mai mota ba inshora. Tarar tana farawa daga dala 8 a kowace rana, ta koma 10, ta koma 12, a kwana 90 ta kai dala 900. In abin ya wuce kwana 90, a dakatar da rajistar, a haɗa da lasisin. Wasiƙar gargaɗin kuma tsohon gidanka za ta je, inda ba ka nan. Kada wani ya ce ai na bar jihar, me za su yi mini? Jihohin suna da rumbun bayanai guda da suke dubawa kafin su ba da lasisi. Wanda aka dakatar a Niyok, Ohayo ba za ta ba shi nata ba sai ya je ya warware can.

Tsarin da ya fi lafiya shi ne: ka sami inshorar sabuwar jiha, ka sauya lasisi, ka mayar da takardar mallakar mota sunan sabuwar jihar, ka karɓi sabuwar lamba, ka mayar da tsohuwar inda ake buƙata ka riƙe rasit, sannan ka soke tsohuwar inshora. A Ohayo sai an duba lambar jikin motar kafin a ba da takardar mallaka. In kuma motar ta bashi ce, takardar na iya kasancewa a hannun banki, kuma samo ta yana cin makonni, don haka tun ranar farko ake fara nema.

Sai mu zo kan dabarar da ake kira wayo. Mutum yana kwana a Bronx, motarsa na kwana a Bronx, amma a takarda tana gidan wani ɗan uwa a Ohayo ko Fensilbaniya, don inshorar can ta fi sauƙi. Na san hujjar masu yi, kuma ba ƙarya suke ba: inshora a Bronx tana daga cikin mafi tsada a ƙasar, ga haya, ga kuɗin da ake jira a gida duk wata. Amma fa kamfanin inshora yana yanka farashi ne a kan inda mota take kwana. In ka faɗi wani wuri daban, ka yi ƙarya a cikin yarjejeniya. Muddin ba abin da ya faru, kowa na ganin ka ci riba. Ranar da aka yi hatsari, kamfanin zai bincika, kuma gano inda mota take kwana ba wuya ba ne: tikitin fakin, kuɗin gadoji, wurin aiki, duk suna faɗa. Yana iya ƙin biyan ka, ya soke yarjejeniyar, abin ma ya zama tuhumar zamba. Araha ba ta ado. Kuɗin da ka tara a shekara uku, dare ɗaya a asibitin Amurka zai haɗiye shi ya nemi ƙari. Shi kuma ɗan uwan da ya ara maka adireshi, ka jawo shi cikin maganar da bai ji ba bai gani ba.

Akwai waɗanda ba sakaci ne ya hana su ba, kuma su bai kamata a yi musu dariya ba. Tun 2019 Niyok take ba da lasisi ga mazauninta ko da ba shi da takardun zama. Ohayo, Jojiya da Teksas ba sa yin haka. Fulorida ma a 2023 ta yi dokar ƙin amincewa da irin lasisin da wasu jihohi suke bayarwa musamman ga marasa takardu. Saboda haka wanda lasisin Niyok ne abincinsa, kuma takardunsa ba su kammala ba, ya yi lissafi tun kafin ya biya kuɗin motar kwasar kaya. Haya mai sauƙi a garin da ba za ka iya tuƙi zuwa aiki ba, ina sauƙin yake? Ya nemi lauyan shige da fice ya ji, ba shawarar majalisa ba.

Abubuwa biyu kuma na gefen tebur ɗin. Na ɗaya, bisa wata doka ta 1993, a yawancin jihohi ofishin lasisi zai tambaye ka ko kana son rajistar zaɓe. In ba ka zama ɗan ƙasa ba, ko da kana da girin kad, amsar ita ce a'a. Da'awar zama ɗan ƙasa alhali ba haka ba na iya jawo kora da rufe ƙofar zama har abada. Mai ƙarancin Turanci ya tafi da wanda zai karanta masa, kada ya danna allo don layi ya yi sauri. Na biyu, wanda ba ɗan ƙasa ba dole ya sanar da hukumar shige da fice sabon adireshinsa cikin kwana 10, da fom ɗin AR-11. Sauya lasisi ba ya ɗauke wannan. Tunda kuma ka riga ka je ofishin, in ka cancanta ka nemi lasisi irin na REAL ID, domin tun 7 ga Mayun 2025 shi ake nema wajen hawa jirgin cikin gida, in ba ka riƙe fasfo ko wata shaida da aka amince da ita ba.

Mu da muke gida muna da namu rabon. In ɗanka ko ƙaninka ya ce ya koma sabuwar jiha, bar shi ya numfasa wata ɗaya kafin ka aika masa jerin buƙatu, domin sabuwar lamba, takardar mallaka da inshora duk a watan farko suke faɗowa. Ka tambaye shi ko ya sauya takardun mota kamar yadda kake tambayar lafiyar yara. Ƙungiyoyinmu na can kuma, da suke iya tara kuɗin suna da na jana'iza cikin kwana biyu, ba zai gagare su ba su ware mutum ɗaya a kowane gari wanda zai raka sabon zuwa ofishin lasisi a makonsa na farko. Yini ɗaya ne a layi, kuma ya fi sauƙi a kan karo-karon kuɗin lauya.